Sarkin yawa da sarkin ƙarfi: abin da Katsinawa suka gani da idonsu

Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma bai ce sarkin yawa ba ya zalunci ba. Dattawan Katsina da suka ga siyasar jam'iyyun NEPU da NPC a Jamhuriya ta Farko shaida ne. NPC ce ke da rinjaye a Arewa, kuma duk da haka 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e ba su bar ɗan NEPU ya sha ruwa da sanyi ba: taro ba izini, sai gidan yari.

Tsoron masu rinjaye ya girmi 'yancin kai. A 1957 Turawa suka kafa hukumar Willink don sauraron koken ƙananan ƙabilu. Ba ta ba su jihohin da suka nema ba, sai ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa sa su a na 1960. Tsarin mulkin 1979 ya ƙara wani takunkumi: yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wannan ne ya haifi shari'ar Awolowo da Shagari kan lissafin jihohi sha biyu da biyu bisa uku cikin jihohi 19 na lokacin, saboda a Kano Shagari bai kai kashi 25 ba.

Amma inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina na cikinta. A 1979 talakawa suka zaɓi Balarabe Musa na PRP, ya kayar da Lawal Kaita na NPN, alhali majalisar dokoki tana hannun NPN. Rinjaye biyu ke nan a jiha ɗaya, kowanne na cewa da yawun jama'a yake magana. Majalisar, ƙarƙashin kakakinta Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika, har ya yi mulkinsa ba kwamishina ko ɗaya. A watan Yunin 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Balarabe ya garzaya kotu, kotu ta ce tsarin mulki ya ɗaure mata hannu a batun tsigewa. A ganina nan ne aibin yake, ba a yawan 'yan majalisa ba: an bar rinjaye ba mai ce masa tsaya.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sarkin ƙarfi, wato soja, ya karɓa, kuma ɗan Daura ne, marigayi Muhammadu Buhari. Mutane da yawa sun yi murna, don an gaji da 'yan siyasa. Sai ga Doka ta 2, mai ba da ikon tsare mutum ba shari'a, da Doka ta 4 da ta kai 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku a 1984. Balarabe da aka tsige ya koma gida yana ta sukar NPN a jaridu. A ƙarƙashin dokar soja wannan bakin ma ba shi da tabbas. Kada dai a manta, gwamnatin soja ce ta ba matan Arewa ƙuri'a a 1976, abin da mazan da aka zaɓa suka ƙi yi a Jamhuriya ta Farko.

Sai a ƙarshen 2006, a shari'ar Gwamna Ladoja na Oyo, Kotun Ƙoli ta ce tana da hurumin duba ko majalisa ta bi ƙa'ida wajen tsigewa, aka maido shi kujerarsa. Shekara 25 ke nan bayan abin da ya faru a Kaduna.

Yau gardamar ta sauko ƙananan hukumomi. Katsina na da 34, kuma a zaɓen da hukumar zaɓe ta jiha ta shirya a 2025 jam'iyya mai mulki ce ta kwashe su duka.