Edwin Waugh

Edwin Waugh (1817–1890) mawaƙi ne kuma marubuci ɗan ƙasar Ingila, wanda ya yi fice a zamanin Sarauniya Victoria wajen rubutu da karin harshen yankin Lancashire. A wajen yankin nan, da wuya a ji sunansa yau.

An haife shi ran 29 ga Janairu 1817 a garin Rochdale. Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, ya kuwa rasu Edwin yana ƙarami. Tun yana yaro aka kai shi koyon aikin ɗab'i wurin Thomas Holden, mai sayar da littattafai, a nan ya shaƙu da karatu. A 1847 ya koma Manchester, ya kama aiki da wata ƙungiya mai fafutukar kafa makarantun gwamnati. Littafinsa na farko, Sketches of Lancashire Life and Localities, ya fito a 1855.

Waƙar da ta fito da shi ita ce "Come whoam to thi childer an' me" ta 1856, wato "dawo gida wurin 'ya'yanka da ni". A cikinta wata mata ce take lallashin mijinta ya baro gidan giya, tana ba shi labarin murhu da abinci da yaran da ke jiransa. Bai rubuta ta da Turancin makaranta ba, ya rubuta ta yadda masaƙa suke magana a gidajensu. Aka buga ta a 'yar takarda mai rahusa, ta sayu dubbai. Abin mamaki, shi kansa gidansa bai zauna lafiya ba. Littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum cike yake da bashi da rikicin aure.

Da yaƙin basasar Amurka ya tsinke hanyar auduga, masaƙun Lancashire suka tsaya cik. A 1862 Waugh ya zaga Blackburn da Preston da Wigan, gida-gida, yana aika wa jarida labarin yunwar da ma'aikata ke ciki. Ya kuma rubuta labaran barkwanci na Besom Ben, mai tallar tsintsiya da jakinsa.

Ya rasu ran 30 ga Afrilu 1890 a New Brighton, aka binne shi a Kersal. A tsaunukan kusa da Edenfield akwai wata rijiya da har yanzu ake kira da sunansa.