Ma'anar Fabobairas da Abin da Ake Kira "Cuta ta Biyar"

Tun da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Agustan 2024 cewa wata ƙwayar cuta mai suna fabobairas na yaɗuwa, kalmar ta shiga bakin masu sharhi, kuma da yawansu suna haɗa ta da cutar karnuka mai irin wannan suna. Kuskure ne mai ban haushi, domin wadda ke kama mutum, wato B19, ba ta kama kare, ta kare kuma ba ta kama mutum. Dangi kawai suka haɗa, sunan dangin kuwa daga kalmar Latin mai nufin "ƙarami" ya fito.

Shi kansa sunan B19 ba wata hikima a cikinsa. A 1974 wata masaniyar ƙwayoyin cuta, Yvonne Cossart, tana tantance jini a Landan sai ta ci karo da ƙwayar a samfurin da ke layin B, lamba 19, sunan ya bi ta har yau. Laƙabin "cuta ta biyar" da ake yi wa cutar da B19 ke haddasawa ya fi wannan rauni, domin likitocin da can sun jera cututtukan yara masu fesowar ƙuraje ne da lambobi, kyanda ta ɗaya, wannan ta biyar, ta huɗun kuwa har yanzu ana tababar ko ta taɓa wanzuwa. A ganina sunan da ba ya gaya wa uwa komai game da ɗanta bai cancanci a riƙe shi ba.

Yaro kan fara da ɗan zazzaɓi da mura, bayan kwanaki kumatunsa su yi ja kamar an mare shi, ko da yake jan ba ya fitowa sosai a baƙar fata, sannan ƙuraje masu kama da saƙar raga su bazu a hannuwa da jiki, suna ɓacewa suna dawowa idan ya sha rana. A lokacin da ƙurajen suka fito yaron ya riga ya daina yaɗa cutar, saboda haka killace shi a sannan ihu ne bayan hari.

Inda ya kamata a sa ido shi ne mai sikila, domin ƙwayar tana dakatar da ɓargo daga samar da jajayen ƙwayoyin jini na wasu kwanaki, jininsa ya yi ƙasa har ya buƙaci ƙari, sai kuma mai juna biyu, wadda ɗan cikinta kan iya samun ƙarancin jini. Har yanzu babu allurar rigakafinta.