Mece ce "clapback"?

Wani ya caccake ka a X ko Facebook, kai kuma ka mayar masa da jimla ɗaya tak wadda ta sa 'yan kallo suka bar ka suka koma yi masa dariya. Wannan amsar ita matasa ke kira "clapback". Dole sai an taɓa ka tukuna. Wanda ya fara jifa tsokana ya yi kawai.

Kalmar daga bakin baƙaƙen fatar Amurka ta fito, inda a yaren 'yan unguwa take nufin rama harbi. Mawaƙi Ja Rule ya ƙara mata suna a 2003 da waƙarsa "Clap Back" da ya yi wa mawaƙa 50 Cent da Eminem raddi, daga baya ta zama kayan aikin 'yan soshiyal midiya.

A Disambar 2019, da mujallar Time ta zaɓi Greta Thunberg, 'yar Suwidin mai fafutukar sauyin yanayi, gwarzuwar shekara, Donald Trump ya rubuta cewa abin dariya ne, ta je ta magance matsalar fushinta, ta kalli fim da ƙawarta, ta kwantar da hankali. Shekarunta 16 lokacin. Ta ajiye maganar. Sai Nuwamban 2020, Trump na ta kumfar baki a dakatar da ƙidayar ƙuri'un zaɓen shugaban Amurka, ta kwaso kalmominsa ɗaya bayan ɗaya ta mayar masa, sunan kawai ta canza. Ba ashar, ba dogon bayani. A ganina nan gwanintar take, a auna wa mutum da mudunsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Muna da gatse da baƙar magana, ga wasan taubasai da na Fulani da Barebari. Sai dai "clapback" ta bambanta da habaici, don mai habaici ba ya kama suna, ita kuwa a ƙarƙashin rubutun mutum ake dasa ta, kowa na gani. Shi ya sa mai zafin ciki ba ya iya ta: da ya fara zagin iyaye ko ya zubo sakin layi goma, 'yan kwamen sun san ta shige shi, sai su ɗauki hoton allo su yi ta yaɗawa.