Waiwaye: yadda likitoci suka koyi jira a kan ɗan ƙululun huhu

Bara kawuna ya taso daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 500, saboda tari da ya ƙi jin magani. Aka yi masa sikana ta ƙirji, wato hoton na'ura da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Tarin dai bai zama wani abin tashin hankali ba, amma a hoton an hango ɗan ƙululu a huhun dama, milimita 7, ko ƙwayar wake bai kai ba. Likitan ya ce masa: "Baba, ba za mu taɓa shi ba. Ku koma gida, bayan wata 6 ku dawo mu sake ɗauka." Kawu ya fito ransa a ɓace, yana cewa an ga cuta ƙiri-ƙiri an ƙi yi masa magani. Ni ma a ranar hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na shiga bin diddigin inda wannan jiran ya samo asali.

Hoton da muke kira radiyo ya faro ne daga 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus. Ya yi wa masu tarin fuka amfani ƙwarai, sai dai haƙarƙari da zuciya kan tare ƙananan abubuwa. A shekarun 1970 an gwada yi wa mashaya taba radiyo a kai a kai a Amurka, mace-macen kansar huhu kuwa ba su ragu ba. A daidai lokacin ne sikana ta fito: a 1971 na'urar Godfrey Hounsfield ta ɗauki kan majinyaciya ta farko a Landan. Wajajen 1990 ta yi saurin da za ta ɗauke ƙirji duka kafin mutum ya saki numfashi.

Daga nan wata sabuwar matsala ta kunno kai. Idon na'ura ya yi kaifi, sai ga ƙululu a huhun mutanen da lafiyarsu lau. Wani babban bincike a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2011, ya bi mutum sama da 53,000 waɗanda suka daɗe suna shan taba. Sikana mai ƙarancin haske ta rage mutuwa daga kansar huhu da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da radiyo. Amma kusan hoto 1 cikin 4 ya nuna abin zargi, kuma kimanin kashi 96 cikin 100 na waɗannan ba kansa ba ne. A ce duk wanda aka gani sai an soka masa allura ko an buɗe masa ƙirji, da an jikkata mutane da yawa a banza, don allurar kanta tana iya sa huhu ya sace.

Saboda haka likitoci suka koma ga awo da lokaci. Ƙungiyar Fleischner ta masana hoton ƙirji ta fitar da ƙa'ida a 2005, ta sabunta ta a 2017. Ƙululu mai tauri da bai kai milimita 6 ba, a jikin wanda ba ya cikin haɗari, ba sai an bi shi ba. Tsakanin 6 da 8, a sake ɗauka bayan wata 6 zuwa 12. Wanda ya haura 8 ne ake gaggauta wa bincike. In ya shekara 2 bai motsa ba, galibi tabo ne kawai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lissafin girman: ƙululun da ya tashi daga milimita 5 zuwa 6 da ɗigo 3 cikarsa ta riga ta ninka, alhali ido zai ce bai canza ba. Shi ya sa binciken NELSON na Holan da Beljiyam, da aka wallafa a 2020, ya dogara ga kwamfuta ta auna cikar ƙululun gaba ɗaya.

To, waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne da huhun Turai da Amurka. Namu huhun ya sha ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki, na wasu ya sha ƙurar ramukan zinariya a Jado da Komabangu, ga tarin fuka da kan warke ya bar tabo. Har hoton PET, da ke haska inda jiki ke cin sukari da yawa, tarin fuka kan ruɗe shi, don shi ma yana haskawa kamar kansa. Likitan Yamai dole ya fara da tambayar ko an taɓa shan maganin tarin fuka na wata 6, ya kuma aika majina awo, kafin ya kai ga zancen cibiyar yaƙi da kansa, wadda sai a 2021 ta samu sashen ƙona kansa da haske na farko a ƙasar Nijar.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓatan tsohon hoto. Duk tsarin nan a kan kwatanta na jiya da na yau ya tsaya. Mutum ya biya kuɗin mota da na sikana, ya bar fim ɗin a ɗakin kwano zafi ya lanƙwasa shi, ko faifan ya shige hannun yara, sai likita ya koma farawa daga tushe, watannin da aka jira sun tafi a iska.

Kawu kam da muka yi masa wannan bayani, ya naɗe fim da faifan a leda, ya haɗa su da takardun gona a ƙasan akwati. Bayan girbi ya dawo da su ko ƙura babu. Likitan ya jera hotunan biyu a fuskar kwamfuta, ya auna har sau biyu, ƙululun yana nan a milimita 7. Ya rubuta masa ranar dawowa bayan shekara 1, ya kuma sake roƙonsa da ya rabu da sigari.