Makarantar koyon sana'a ba ta wanda boko ya gagara ba ce

A unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi a Gana, har yau za ka ji uba na cewa, "Yaron nan ba shi da kai, a kai shi koyon sana'a." Wannan magana ta daɗe tana yi mana illa. Tushenta zamanin Turawan mulki ne, lokacin da akawu ke da albashi da daraja, mai aikin hannu kuwa ana raina shi.

Yanzu lamarin ya sauya. A 2016 Gana ta yi dokar mai da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'i, ciki har da ta Kumasi da ta Akara. Takardun shaidar sana'a na ƙasa kuma matakai 8 ne, daga na farko har digirin digirgir. Wato mai koyon walda ko haɗa wayar lantarki hanyarsa ta jami'a a buɗe take.

Batun rashin kai ya fi damuna. Ku leƙa Suame Magazine, babbar matattarar bakanikai ta Kumasi. Motocin yanzu cike suke da kwamfuta, sai bakanike ya jona na'ura, ya karanta abin da ta nuna, ya yi lissafi kafin ya taɓa sifana. Wanda bai iya ba, yana ji yana gani mai mota zai wuce garejin gaba.