Waiwaye: yadda muka miƙa makullan gidajenmu ga manyan kamfanoni, da masu ƙoƙarin karɓo su

Kwamfutar da ta fara ɗaukar shafin yanar gizo a duniya, wata baƙar na'ura ce ƙirar NeXT da ke ajiye a ofishin Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN wajen 1990, kuma an manna mata takarda da rubutun hannu ana gargaɗin kada wani ya kashe ta saboda saba ce, kwamfutar da sauran ke zuwa ɗaukar bayanai a wajenta. Wato dai in mai shara ya zare wayar wuta, yanar gizo gaba ɗaya ta tafi hutu. Abin dariya ne a yanzu, amma haka abin ya faro, kowa da injinsa a ɗakinsa, kai ke riƙe da saƙonninka da fayilolinka, in ya lalace kai za ka gyara. Shi kansa batun sarrafa fitila da fanka daga nesa ya ma girmi yanar gizo, tun 1975 wani kamfani a Sikotland ya fito da tsarin X10 da ke tura umarni ta cikin wayoyin wutar gida, ba intanet ba rajista ba wanda ya san ƙarfe nawa kake kashe fitila.

To ya aka yi muka zo inda kwan fitila sai ya gaida wata kwamfuta a wata nahiya kafin ya kunnu?

Sauƙi ne ya saye mu, ba wani abu ba. Ranar 1 ga Afrilun 2004 Google ta fito da Gmail da gigabait ɗaya kyauta, lokacin da sauran ke ba ka 'yan megabait kaɗan kana ta goge saƙonni dan wasu su samu shiga, har mutane da yawa suka ɗauka wasa ne saboda ranar da aka zaɓa. A 2006 Amazon ta fara ba da hayar ma'ajiya da kwamfutocinta ga duk mai so, sai Dropbox, sai wayoyin zamani da ke kwashe hotunanka su kai can ba ka ma ce ba. Aka raɗa wa abin suna kilawud, gajimare kenan, suna mai daɗi kamar wani abu ne a sama da ba shi da mai shi, alhali kwamfutar wani ce a cikin wani ƙaton gini mai gadi da kwandishan. Kuma gaskiya ban ga laifin kowa ba, wa zai zauna yana fama da saba a ɗaki bayan ga wanda zai yi masa kyauta kuma ya fi shi iyawa.

Daga saƙo da hoto sai abin ya shigo cikin gida da kansa. Nest ta fito da na'urar daidaita zafi da sanyin ɗaki a 2011, Google ta saye kamfanin a Janairun 2014 kan dala biliyan 3.2, a ƙarshen wannan shekarar Amazon ta fito da Echo, sifika mai makirfo da ke zaune a falo tana jiran a kira Alexa, a 2018 kuma ta ƙara da sayen Ring masu ƙararrawar ƙofa mai kyamara kan kusan dala biliyan 1. Duk wanda ya ga kamfanin talla irin Google ya zuba irin waɗannan kuɗi kan na'urar da ta san lokacin da kake gida da lokacin da ka fita, ai ya san ruwa ba ya tsami banza.

Tonon silili kuwa an sha shi. A Yunin 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke samun bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet ta wani shiri mai suna PRISM. A 2015 aka gano a cikin ƙa'idojin talabijin ɗin Samsung akwai inda suke gargaɗin cewa in ka yi maganar sirri a gaban talabijin ɗin yayin da yake sauraron umarnin murya, tana iya shiga cikin abin da ake tura wa wani kamfani daban. A Fabrairun 2017 Vizio mai ƙera talabijin ta yarda ta biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta ce talabijin miliyan 11 suna naɗar abin da mutane ke kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa ana sayarwa ba da saninsu ba. A wannan Fabrairun dai Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai suna Cayla, ta ce na'urar leƙen asiri ce aka saka wa riga, har ta shawarci iyaye su lalata ta. A 2019 aka gano akwai makirfo a cikin na'urar tsaro ta Nest Secure da ba a rubuta a jerin kayanta ba, Google ta ce kuskure ne. A shekarar kuma ta bayyana cewa Amazon da Google da Apple duk suna da ma'aikata, mutane masu kunne irin naka, da ke sauraron wani ɓangare na muryoyin da aka naɗa wai dan a inganta manhajar, ciki har da waɗanda na'urar ta naɗa bisa kuskure ba a kira ta ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Ring. A Mayun 2023 FTC ta ce wani ma'aikacin kamfanin ya shafe watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyon mata a ɗakunan kwanansu da banɗakunansu, ta kyamarorin da su da kansu suka saya suka kafa dan tsaro. Aka daidaita kan dala miliyan 5.8, da wata miliyan 25 da aka ci tarar Amazon kan ajiye muryoyin yara da Alexa ta yi. Kura aka ba ajiyar nama, kuma tarar da aka ci ta, in ka auna da girman kamfanin, ko a jikinsa.

Amma ga inda nake da ja da yadda ake ba da wannan tarihi. Ana yawan cewa waɗannan fallasa ne suka kora mutane suka koma kafa sabobinsu a gida. Ni ban yarda ba, ko in ce ba su kaɗai ba ne. Bayan Snowden an ci gaba da sayen sifika mai makirfo kamar ba gobe, bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu Facebook, a 2018 da ta shafi mutum har miliyan 87 mutane sun yi ta kumfar baki na sati biyu sannan suka koma Facebook suna ba da labarin fushinsu a can. Leƙen asiri ba ya ciwo nan take, ba ka ganinsa ba ka jinsa. Abin da ke ciwo shi ne ka wayi gari kayan da ka biya kuɗinka ka saya ya zama dutse.

Wannan ya fara fitowa fili da Revolv, wata 'yar na'ura ta dala 300 da ke haɗa kayan gida wuri ɗaya. Nest ta saye kamfanin a 2014, a Mayun 2016 ta kashe sabobin da na'urar ke dogaro da su, shikenan, lafiyayyar na'ura ba abin da ya same ta amma ko fitila ba ta iya kunnawa, sai da aka yi ca a kansu sannan suka mayar wa mutane kuɗinsu. A Afrilun 2022 Insteon mai ƙera kayan sarrafa fitilun gida ta yi wanda ya fi wannan, ta kashe sabobinta ba sallama ba sanarwa, mutane suna ta sake kunna rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida, suna zaton matsalar daga gidansu ce, daga baya wasu daga cikin masu amfani da kayan ne suka haɗu suka sayi kamfanin suka tashe shi. Ranar 1 ga Yunin 2021 Google Photos ta daina ba da ma'ajiya kyauta mara iyaka, bayan mutane sun gama jibge hotunan shekara da shekaru a can. Ranar 7 ga Disamban 2021 wani ɓangaren sabobin Amazon ya samu matsala na sa'o'i, ƙararrawar ƙofa da injin shara a gidajen mutane suka daina jin magana. Nan ne da yawa suka gane ashe aro aka ba su, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Su kuwa masu son riƙe kayansu a gida dama ba su taɓa ɓacewa ba, suna gefe suna ta ƙere-ƙerensu. Tarihinsu na zamani za a iya cewa ya faro daga wata shuɗiyar rawuta, Linksys WRT54G da ta fito a ƙarshen 2002. Masu bin diddigi suka gano manhajar cikinta an gina ta ne kan Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta wanda lasisinsa ya wajabta duk wanda ya yi amfani da shi ya rarraba to ya saki kod ɗin, wato ainihin rubutun manhajar, aka matsa wa kamfanin lamba a 2003 har ya saki, daga nan aka haifi OpenWrt a 2004, wato ka cire manhajar kamfani ka ɗora taka a kan rawutarka. Sai 2012 Raspberry Pi ta fito daga Ingila, kwamfuta mai girman katin banki kan dala 35 da ba ta shan wuta, za ka iya barinta a kunne shekara guda a bayan kabad ka manta da ita. A 2013 Docker ya zo ya sauƙaƙa girka manhajoji, abin da a da sai ka kwana kana yi ya koma 'yan layuka, a shekarar kuma Paulus Schoutsen ya fara rubuta Home Assistant, wanda yanzu shi ne uwa uba a harkar sarrafa kayan gida ba tare da umarni ya fita waje ba. Lokacin da Insteon ta mutu, masu Home Assistant da yawa fitilunsu sun ci gaba da aiki, wannan kaɗai ya fi duk wata lacca jawo masa mutane.

Sauran suka biyo baya, Nextcloud a 2016 na ajiye fayil da kalanda, Jellyfin a 2018 na finafinai, Immich na hotuna, WireGuard da ya shiga cikin Linux a 2020 wanda ke ba ka ɓoyayyar hanya ka shiga gidanka daga ko'ina ba tare da ka buɗe ƙofa ga kowa ba. Amma wanda na fi so a ba sabon shiga shi ne Pi-hole. Aikinsa ɗan ƙarami ne, duk na'urar da ke son tuntuɓar wani wuri a intanet sai ta fara tambayar adireshinsa, to Pi-hole yana zama a tsakiya, in adireshin na masu talla ne ko masu bibiya sai ya ce babu. Daɗinsa yana rubuta kowace tambaya. Ka buɗe wannan rajista da safe ka ga talabijin ɗin da ka kashe tun dare ya kwana yana neman gidansu, wallahi ranar ba sai wani ya yi maka bayanin komai ba. Daga nan ne mutum ke fara raba waifai gida biyu, kwamfuta da wayoyi a ɓangare ɗaya, kyamara da talabijin da kwan fitila a wani ɓangaren da ba sa ganin kowa, wasu ma a toshe musu intanet ɗin gaba ɗaya.

Sai dai fa kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ranar 21 ga Oktoban 2016 Twitter da Netflix da Reddit suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka da Turai saboda harin da aka kai wa Dyn, kamfanin da ke riƙe musu adireshinsu na intanet, kuma rundunar da aka yi amfani da ita kyamarori ne da rawutoci na gidajen mutane, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame su da jerin fasuwod kusan 60 na kamfani da masu su ba su taɓa canzawa ba. A Yunin 2021 masu akwatin ajiya na WD My Book Live suka tashi suka tarar an goge musu komai daga nesa, na'urar rabonta da sabuntawa tun 2015 kuma tana kallon intanet kai tsaye. Kutsen da aka yi wa LastPass, kamfanin ajiye fasuwod, a 2022 kuwa, ta kwamfutar gidan wani injiniyansu aka shiga, saboda yana da tsohuwar manhajar finafinai ta Plex da bai sabunta ba alhali an toshe ramin tun 2020. Injiniya ne fa wannan, wanda aikinsa kenan. In ka dawo da kayanka gida to kai ne maigadi kai ne makanike, faifan ajiya zai mutu wata rana ko ka so ko ka ƙi, shi ya sa 'yan harkar ke nanata ƙa'idar kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya a wajen gidan. Kuma akwai tambayar da ba a cika son yi ba, in kai da ka haɗa komai ka kwanta ciwo ko ka rasu, wa ya san yadda za a buɗe hotunan iyali? Imel kuma, yawancin tsofaffin hannu ma cewa suke a bar wa masu shi, dan ko ka kafa naka, manyan kamfanonin sai su riƙa jefa saƙonninka cikin shara.

Kamfanonin ma sun ɗan motsa. A Oktoban 2022 aka fito da Matter, tsarin da Apple da Google da Amazon da Samsung suka sa hannu a kai dan kayan gida su riƙa magana da juna a cikin gida ko da ba intanet, abu ne mai kyau ba na musu, duk da har yanzu kayayyaki da yawa ba sa sakin duk abin da suke iyawa sai ka buɗe akawun a manhajar kamfanin. A ɗaya hannun kuma ga Eufy da ta yi ta tallan cewa komai na kyamararta a gida yake zama, a ƙarshen 2022 aka kama tana tura ƙananan hotuna zuwa sabobinta, ga Wyze da a Fabrairun 2024 kusan mutum 13,000 suka ga hotunan kyamarorin gidajen wasu a wayoyinsu. Sannan ranar 28 ga Maris 2025 Amazon ta cire zaɓin da wasu na'urorin Echo ke da shi na hana tura murya zuwa sabobinta, ta ce sabuwar Alexa mai ƙirƙirarriyar basira tana buƙatar ƙarfin manyan kwamfutocinta, masu na'urar ta imel aka sanar da su, 'yan makonni kafin ranar.