Dokar ƙuri'ar Oscar da ke kayar da manyan finafinan kimiyya

A watan Maris na 2010, Avatar, fim ɗin ƙagaggen labarin kimiyya, ya riga ya haura dala biliyan 2 a sinimomin duniya, babu fim ɗin da ya taɓa tara irin wannan kuɗi. Amma da aka buɗe ambulan ɗin gwarzon fim a bikin Oscar, sai aka kira The Hurt Locker, ƙaramin fim kan sojoji masu kwance bam a Iraƙi, wanda cinikinsa duka bai kai dala miliyan 50 ba. Mutane da yawa suka ce son kai ne. Kafin a zargi kowa, a duba yadda ake ƙirga ƙuri'ar tukuna.

Babu dokar da ta hana fim ɗin ƙagaggen labarin kimiyya cin wannan kyauta. Hasali ma, a 2009 ƙungiyar da ke shirya Oscar ta ƙara yawan finafinan da ke takarar gwarzon fim daga 5 zuwa 10, bayan surutun da aka sha kan barin The Dark Knight, fim ɗin Batman, a waje. Sai dai a daidai lokacin ne kuma ta sauya salon zaɓen.

A sauran rukunai, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, shi ke nan. A gwarzon fim kuwa, kowane mamba zai jera finafinan ne daga na 1 har na 10. Masu ƙirga, wato kamfanin PricewaterhouseCoopers, sai su ware takardun bisa zaɓin farko. In wani fim ya haura rabi, magana ta ƙare. In babu, sai a cire na ƙarshe, a duba takardun waɗanda suka zaɓe shi, a miƙa kowace ga fim ɗin da aka sa a na 2. Haka za a yi ta cirewa ana rabawa har wani ya wuce rabi.

To a nan gizo ke saƙa. A ce cikin mutum 100, 35 sun sa fim ɗin kumbo da baƙin halittu a na farko, amma sauran sun jefa shi can na 8 ko na 9 don ba su ga abin da ya taɓa musu zuciya ba. Wani fim ɗin iyali kuma 20 kaɗai suka sa shi a gaba, amma kusan kowa ya ba shi na 2 ko na 3. Duk zagayen da aka yi, na iyalin zai riƙa tsintar ƙuri'u, na kumbon yana tsaye inda yake. Tsarin ya fi yi wa fim ɗin da ba shi da maƙiya daɗi, kuma irin waɗannan finafinai na kimiyya sun saba raba kan jama'a.

Akwai kuma batun rassa, domin mambobin ƙungiyar sun kasu ne bisa sana'arsu. Daraktoci ne ke fitar da 'yan takarar darakta, jarumai na fitar da na jarumai, kuma reshen jaruman ne mafi girma a ƙungiyar. Fim ɗin da ƙarfinsa ke ga sauti da siddabarun kwamfuta yakan kwashi kyaututtukan ma'aikatan bayan fage, ya rasa manyan. Dune na 2021 ya shiga rukuni 10, ya ci 6, amma ko sunan daraktansa Denis Villeneuve ba a sa a takara ba. Kashi na biyu ma haka aka yi masa: ya ci sauti da siddabaru, Anora ya tafi da gwarzon fim a 2025. Wannan kashin a watan Maris na 2024 ya fito, wata goma kafin a fitar da sunaye, alhali masu neman kyauta sukan riƙe finafinansu sai ƙarshen shekara.

Wanda ya karya wannan ƙofa, Everything Everywhere All at Once a 2023, yana tsalle tsakanin duniyoyi, amma ginshiƙinsa rigimar uwa da 'yarta ce, kuma jarumansa uku suka ci kyauta a daren.

A watan Afrilun 2025 ƙungiyar ta ƙara sharaɗi: dole mamba ya kalli duk finafinan da ke takara a rukuni kafin ya kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a cikinsa. Wannan zai rage masu zaɓe da jin-ta-bakin-mutane, amma jerin nan na 1 zuwa 10 yana nan daram, ba a taɓa shi ba.